Rile Huɗu a Motar Baffa Ilu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abin da ke kaina, da yammacin da na tashi gwada wa mutanen Kazaure ilimin da na ɗebo a Kano. Har yau in na ji ƙaramin ƙarfe ya ce ƙyas a cikin mota, sai na ji bayan wuyana ya yi zafi.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasar nan, sababbin motoci sun fara cika hanya, kowa na ganin gobe zai zama attajiri. Ni kuwa na dawo gida bayan na ɗan zauna a garejin wani mai wayarin mota a Kano. (In za a bi gaskiya, rabin zaman nan kankare kan batir na yi da sayo wa maigida tuwo, amma wannan ban faɗa wa kowa ba.) Na dawo da wando mai faɗin ƙafa, da sukudireba a aljihun gaba kamar biro. 'Yan tasha suka sa mini Injiniya. Da ba'a suke faɗa, ni kuma da gaske nake amsawa.

Baffa Ilu ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, shi ya kai ni Kano da kansa. Direba ne, yana jan motar wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Sambo tun kafin Turawa su sauke tutarsu. Tsohuwar mota ce mai bodin katako, sitiyarinta ma a dama yake, don ta riga canjin hannun tuƙi zuwa duniya. Injinta lafiya lau, amma fitilunta sun gaji, haskensu bai fi na aci-balbal ba. Wata rana da almuru, wajen Roni, Baffa bai ga saniya ba sai da ya zo kanta, ya kauce, mota ta faɗa kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo, amma kafin gari ya waye magana ta gama tasha cewa Ilu ya kamu da dundumi, da rana ta faɗi ba ya gani.

Maganar ta zo a mugun lokaci, domin Alhaji ya riga ya yi odar sabuwar mota, kuma an ce tsohuwar sayar da ita zai yi. Masu son sitiyarin sabuwar suka yi ta kai gulma. In Alhaji ya yarda ido ne, to Baffa ya koma gida ke nan ya zauna, da iyali cike da tsakar gida, ga shi bai iya wata sana'a ba. Shi dai Baffa abu ɗaya yake maimaitawa, fitila ce ba ido ba. Amma na lura in ya faɗa, ba ya kallon mutum.

Ni na kai kaina gaban Alhaji, ba wanda ya aike ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ciwon motar nan na san shi, kuma maganinsa rile."

Ya ce, "Wane ne kuma Rile?"

Na yi masa bayani. A tsofaffin motoci wuta tana tasowa daga batir, ta bi doguwar tsohuwar waya zuwa makunnin da ke gaban direba, sannan ta sake dawowa gaba wajen fitila, kafin ta iso ta galabaita. Rile kuwa ɗan akwati ne, bai fi na ashana ba, ana ɗaura shi kusa da fitila. Makunni saƙo kawai zai aika masa, shi kuma ya buɗe wa wuta hanya ta taho kai tsaye daga batir ta waya mai kauri. (Wannan bayanin daidai ne, kada a zalunce ni. Har gobe haka ake yi.) Na ce zan sa huɗu, ɗaya na gajeren haske, ɗaya na dogo, biyu na siginar gaba, hagu da dama, don su ma sun dusashe.

Alhaji ya dube ni ta saman tabaron da ya sayo a Makka, ya ce, "Kai yaro, ka tabbata?"

Na ce, "Allah ya ja da ran Alhaji, in na gama, ko allura ce a kan hanya Baffa zai gan ta."

Ya ce, "To madalla. Ranar kasuwar Babura ni da kaina zan bi ku, mu dawo bayan magariba. In fitila ce mu gani, in ido ne mu gani."

Na shiga Kano na sayo rile huɗu da ƙullin waya guda, ja wur. Maigidana a gareji yana aiki da wayoyi kala-kala, ja da kore da ruwan ɗorawa, ni kuwa duk zamana a can na ɗauka ado ne irin na mutanen birni. Na ce ni ja ta fi burge ni.

Sai kuma babbar wautar. Kun san halinmu, mai sana'a ba ya yarda a ga laƙaninsa. Maƙeri yana da nasa, wanzami yana da nasa, ni ma na ce rile shi ne nawa, kada wani ya leƙa ya koya ya ƙwace mini kasuwa tun ban kafa ta ba. Na sa aka kai motar bayan gidan Alhaji, na rataya tamfol ya rufe gabanta, na kori kowa. Baffa da kansa ya ce, "Ɗana, bari in tsaya a waje in riƙa gaya maka wadda ta kama." Na ce, "Baffa, je ka huta, aikin nan ba ya son ido." Ya tafi yana waiwaye.

Aikin gaba ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kowane rile na ɗaura, sai in ɗauki 'yar wayar saƙonsa in taɓa a kan batir, fitilar ta kama fau, har sai na kare idona. Na gwada duka huɗun haka, duka suka amsa. Fitilun baya da siginarsu ban taɓa su ba. Sai na haɗa wayoyin saƙon nan huɗu, na tura su ta wata 'yar kafa zuwa cikin mota, na zagaya na kwanta ƙarƙashin sitiyari don in haɗa kowace da makunninta. Kawuna huɗu suka leƙo, duka ja, duka tsawo ɗaya. Na kalle su, suka kalle ni. Na ce ai na tuna, ta sama ita ce ta gajeren haske, mai bi mata ta dogo. Ban yi tunanin waya tana murɗewa a cikin kafa ba. Na ɗaure su, na ja makunnin fitila, na ji ƙyas daga gaba. Na taɓa sigina, na ji ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ban fita na duba ba, don a ganina abin da ya yi ƙara ai ya yi aiki. Na naɗe tamfol, na je tasha na sha shayi ina karkaɗa ƙafa.

Ranar kasuwa muka tafi Babura da hantsi. Baffa direban dā ne, da rana ba ruwansa da sigina, hannu yake miƙawa ta taga, don haka ba abin da ya tona mini asiri. Aka yi lodin gero da wake, ba fasinja ko ɗaya. Muka yi sallar magariba, muka shiga gaba mu uku, Baffa a dama kan sitiyari, Alhaji a bakin ƙofar hagu, ni a tsakiya giya tana bugun gwiwata. Ƙarshen damina ne, hadari ya rufe sama, babu wata.

Da muka fita gari Baffa ya yi bisimilla, ya ja makunni. Ƙyas. Agogunan gaban mota suka haskaka. A kan hanya kuwa babu komai, sai wani ɗan ja-ja da ke lasar ciyawa ta gefen hagu.

Na ƙifta ido, na sake ƙiftawa. Na ce a raina, wataƙila sauran hasken yamma ne ya hana a gani. Amma wane hasken yamma, ga duhu yana ta sauka? Na saci kallon Baffa. Ya miƙe zaune, ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa gilashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na saci kallon Alhaji. Ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani, ya mayar, ya sake cirewa.

Can Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ilu, yaya ka ga fitilar?"

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba laifi."

"Kana ganin hanya?"

"Tangaran, ranka ya daɗe."

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai fa, Injiniya?"

Bakina ya riga kaina magana. Na ce, "Ai haka take farawa, ranka ya daɗe, sai ta ɗumama tukuna."

Alhaji ya ce, "To. Ni ma dai na ga kamar ta ɗan fi dā."

Nan kaina ya kulle gaba ɗaya. Manya biyu sun ce suna gani, ni ba na ganin komai. Na fara tambayar kaina, ko dundumin nan na gado ne a gidanmu, ya tsallake Baffa ya faɗo kaina? Na ɗaga hannuna a gaban fuskata, na gan shi a hasken agogo. To in ina ganin hannuna, me ya sa ba na ganin hanya? In kuwa babu hasken, me ya sa Baffa yake tafiya, har yana kauce wa ramuka? (Daga baya na gane ramukan hanyar nan ya san su kamar ɗakunan gidansa, da ka yake tuƙi.) Zufa ta jiƙe mini riga, amma na ci gaba da gyaɗa kai kamar mai duba aikin da ya gamsar da shi.

Baffa ya taka maɓallin dogon haske da ƙafa. Ƙyas. Ɗan ja-jan nan ya bar hagu ya koma dama.

Alhaji ya ce, "Wannan kuma fa?"

Na ce, "Dogon ke nan, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ikon Allah. Aikin Bature sai shi."

Haka muka yi ta rarrafe a giya ta biyu, inji na ta ƙugi, leɓen Baffa na motsi yana addu'a. Ban san tsawon tafiyar da muka yi a haka ba, ni dai na ji kamar na tsufa a kujerar nan. Da muka kusa mararrabar da ake karkatawa zuwa Achilafiya, Baffa ya kai hannu ya taɓa sigina.

Duniya ta haskaka fau! Bishiyoyi, gonaki, wani jaki a gefen hanya, har jan burjin ƙasa, komai ya fito. Sai ɗif. Sai fau. Sai ɗif. Alhaji ya dafe rawani yana salati, ya ɗauka walƙiya ce ta sauka a kanmu. Baffa ya taka birki muka tsaya, fitilu na ta kamawa suna mutuwa, haske irin wanda motar nan ba ta taɓa yi ba tun tana sabuwa. Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi," a hankali, ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya daɗe bai sauke hannun ba.

Alhaji ya ce, "Ilu, kashe sigina." Ya kashe, duhu ya dawo. "Kunna." Haske ya dawo yana ƙiftawa. Alhaji ya ce, "Ashe tun daga Babura babu fitila muke tafe? Kai Ilu, ba ka ce kana gani tangaran ba?"

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ma ka ce ta fi dā."

Su biyun suka juyo suka zuba mini ido, ga ni a tsakiya, babu ƙofar da zan bi.

Ba mu da tocila, hadari kuma yana matsowa, ga hatsi a baya. Alhaji ya ce a tafi a haka da sigina a kunne, in mun kai Achilafiya a gyara. Cikin ruɗewa duk mu ukun muka manta da abu ɗaya. A hanyar nan, da duhu ya fara, akwai masu nufar iyaka da kananzir da sukari da gyaɗa, su tsallaka a ɓoye su sayar a karɓi sefa, kuɗin ƙetaren iyaka. Direbobi kuwa suna da maganarsu ta fitila. In ka ƙifta wa mai tahowa sau ɗaya, gaisuwa ce. In ka yi ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, ka ce masa 'yan kwastan suna bayanka, ya yi ta kansa.

Wata akori-kura ce ta fara cin karo da mu. Tun daga nesa ta yi wani irin juyi, ta koma inda ta fito a guje. Na ce a raina, ko mantuwa ya yi? Sai ga masu kekuna ɗauke da jarkoki, suka watse cikin dawa, keke ɗaya ma a kan hanya aka bar shi tayarsa na juyawa. Sai wata babbar mota, ita kam ba ta tsaya shawara ba, ta saki hanya ta faɗa wata gona, muka ji tana ta kuka a cikin laka. Ni har lokacin ban gane ba, ina ta mamaki, na ce, "Baffa, hasken ne ya yi musu yawa?" Baffa ya ce, "Yi shiru, ɗana. Don Allah yi shiru."

Kafin mu isa Achilafiya labari ya riga mu. An kashe fitilun masu shayi, an tura motoci bayan gidaje, mutane sun yi cirko-cirko a bakin hanya. Muna tsayawa aka kewaye mu, kowa na tambaya, su nawa ne, a mota suke ko a ƙasa? Ana cikin haka sai ga direban babbar motar nan ya iso a bayan keken wani, ƙato ne mutumin garin Gwiwa, laka har gwiwarsa, yana huci. Ya ce, "Malam Ilu, ina suke? Na duba bayanku ban ga kowa ba!"

Alhaji ya sauko a natse, ya gyara babbar riga, ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku, babu kowa a bayanmu. Gyara aka yi mana." Ya miƙa hannu cikin mota ya nuna ni. "Ga Injiniyan nan, daga Kano ya koyo."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Wani ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya wurin ya ɗauka. Mutumin Gwiwa bai yi dariya ba. Ya leƙo ta taga ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Sauko ka gyara, yanzun nan, a gabana. Da fitilar nan za a je a ciro mini mota."

Na kwanta ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, wani mai shayi ya riƙe mini fitilar ƙwai. Ga wayoyi huɗu ja, ni ban san wace ce wace ba. Na sauya biyu, na ce a ja makunni. Jama'a suka amsa daga waje baki ɗaya, "Hagu ta kama!" Na sake sauyawa. "Yanzu dogon ne yake ƙiftawa!" Na sake. "Ta mutu duka!" Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "Bawan Allah, ka mayar da ita yadda take ta farko, ta fi ban sha'awa." Zufa na shiga idona, na rasa wadda na taɓa da wadda ban taɓa ba, har na koma kan haɗin farko ban sani ba, aka yi mini tafi. Daga ƙarshe na cire su duka, na riƙa taɓa ɗaya-ɗaya, garin Achilafiya na gaya mini sunanta, ina ɗaura mata tsumma. Da makunni ya kawo fitila, sigina ta kawo sigina, aka yi kabbara kamar an ga watan Salla.

Muka koma muka ciro babbar motar da igiya, kuma a faɗi gaskiya hasken ya yi, har masu kekuna suka tsinci jarkokinsu da shi. Mutumin Gwiwa ya ce ya yafe, amma in ya sake ganina da sukudireba kusa da mota, zai sa ni in haɗiye ta.

Muka kama hanyar Kazaure har muka hango gari. Alhaji ya ce, "Ilu."

"Ranka ya daɗe."

"Mutumin da ya tuƙo mota daga Babura har mararraba babu fitila, bai taka ko kaza ba, ba shi da dundumi. Duk wanda ya sake kawo mini wannan magana, ni da shi ne. Sabuwar mota taka ce." Ya juyo ya dube ni. "Da sharaɗi ɗaya. Ɗan nan naka, ko a inuwarta kada ya zauna."

Baffa ya ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe." Ko ɗan jinkiri bai yi ba, abin ya ɗan sosa mini rai.

Da muka sauke Alhaji, muka kama hanyar gida a ƙasa, ina bayansa kaina a sunkuye, ina jiran faɗa. Sai ya tsaya ya jira ni. Ya ce, "Ɗana, ka san abin da nake tunani tun daga Babura? Da na ja makunnin nan na ji ya yi ƙara, kai ka ce haka take farawa, Alhaji ya ce ta fi dā, ni kuwa ba na ganin komai, sai na ce shi ke nan, gaskiyar mutane ce, idon ya tafi. Ina tuƙi ina duba cikin 'ya'yana wanda zai riƙa ja mini sanda." Muryarsa ta ɗan karye, ni ma na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ya ce, "Kai na zaɓa."

Na ce, "Allah sarki, Baffa."

Ya ce, "Shi ya sa da hasken nan ya zo na gode wa Allah sau biyu. Ɗaya da ya bar mini idona, ɗaya da ya raba ni da jagorancinka."

Na yi shekaru ina wayarin bayan nan, har na yaye wasu. Abin da na koya a daren, ban same shi a gareji ba: in ka duba ba ka ga komai ba, ka buɗe baki ka ce ba ka gani, domin mai yiwuwa na kusa da kai ma a duhun yake, kunya ce kawai ta riƙe shi.